Zanen Mafarki Ba Aikin Ɗan Ƙwaya Ba Ne

Na gaji da jin wata magana. Da zarar an nuna wa mutanenmu zanen giwa mai ƙafafun sauro, ko mace mai aljihun tebur a ƙirji, sai wani ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai ya yi tatil da ƙwaya," ko kuma "Aljanu sun shafe shi." An yanke hukunci ke nan, ba a ko kalli zanen ba.

Sureyalizim ake kiran salon. André Breton ne ya bayyana manufarsa a Faris a 1924: a fito da abin da ke cikin mafarki a aza shi a takarda.

To, mai maganar ƙwaya, ka taɓa riƙe buroshi? Fenti na ruwa, alal misali, ba ya yafiya. Farin da kake gani a zanen takardar ce kanta, mai zane ya kewaye ta tun farko. In ya ɗora launi kafin na ƙasa ya bushe, su cakuɗe su zama laka. Tawada ta fi tsanani, layi in ya zauna ya zauna. Salvador Dalí ɗan Sifen ya yi zane 100 da fenti na ruwa don littafin Dante, ya kwashe shekaru a kai. Hannun da ke rawa zai iya wannan? Gaskiya ne wani mai zanen wannan salon, André Masson, yakan saki alƙalami ya yi ta yawo a takarda ba shiri, amma daga baya yakan dawo ya tsamo kifi ko hannu daga cikin layukan. Akwai 'yan ƙalilan da suka taɓa kayan maye, kamar a kowace sana'a. Kuma a sani, wannan ƙazafin tsoho ne: a 1937 'yan Nazi sun baje irin waɗannan ayyuka a Munik don a yi musu dariya, suna kwatanta su da na masu taɓin hankali. Haba, da su za mu yi layi?

Don Allah in ka ga irin zanen, ka dakata. Ka bar tambayar "me yake nufi?" tukuna. Fara lissafa abin da ka gani, ka nemo inda abu biyu da ba su da dangantaka suka haɗu. Matso kusa, ka duba bakin launi inda ruwa ya tsaya ya bar duhu-duhu, ka bi layin tawada ka ga inda ya yi kauri da inda ya sirance. Sannan ka ja baya. In a waya kake kallo, buɗa hoton sosai, domin ƙaramin gilashi yana cinye rabin aikin.