Gajiyar da ba ta ƙarewa: mi takardar awon jini take cewa?

Ƴan uwa maza da mata, kowa ya san gajiyar aiki. Wanda ya wuni gona, da matar da ta yi daka ta ja ruwa, in sun kwana sai su tashi da ƙarhinsu. Amma akwai wata gajiya daban. Mutum ya kwana, ya tashi a gajiye. Hauya ta yi mishi nauyi. Taɓarya ta gagari mace. In wannan ya kai wata guda, a bar cewa ƙiwuya ce. A tahi likita.

Can likita, ana iya ɗibar jini kaɗan, a auna shi, a ba mutum takarda. Da yawa suna naɗe ta, ba su san abin da ke ciki ba. Mu da muka koyi karatu da lissahi, ya kamata mu san ta.

Yadda takardar take

An rubuta ta da faransanci, amma lambobi na kowa ne. Kowane layi yana da abu 3. Na farko, sunan abin da aka auna. Na biyu, lambar jininka. Na uku, lambobi 2 da ke nuna iyakar masu lahiya, ta ƙasa da ta bisa. Duba: lambarka tana tsakaninsu, ko ta hita? Iyakar tana ɗan bambanta daga wannan ɗakin awo zuwa wancan. Saboda haka, bi wadda ke bisa takardarka.

Hb: ƙarhin jini

Hb shi ne jan abin da ke cikin jini. Shi ke ɗaukar iska daga huhu ya kai ko'ina cikin jiki. In ya ragu, mutum yana haki, yana jiri, cikin idonshi da tahin hannunshi su yi fari. Ga ma'aunin Hukumar Lahiya ta Duniya: namiji, ƙasa da 13 ƙarancin jini ne. Mace, ƙasa da 12. Mai ciki, ƙasa da 11. In lambar ta sauka ƙasa da 7 ko 8, akwai hatsari, ba a jira.

Mi ke rage jini? Masassarar cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, haihuwa kusa da kusa, jinin wata mai yawa, amosanin jini, da abinci maras sinadarin ƙarhe. Sai an gano dalili kahin magani ya yi amfani. Tulun da ke yoyo, kome ruwan da aka zuba ba ya cika.

Wani layi mai suna Ferritine yana nuna ƙarhen da jiki ya aje, kamar hatsi cikin rumbu. Ƙasa da 15, rumbu ya kusa ƙarewa. Hanta, nama, kihi, wake da zogale suna maida ƙarhe. Lemun tsami yana taimakon jiki ya karɓe shi. Shayi mai ƙarhi bisa abinci yana hana shi. A jinkirta shayi kamar awa guda bayan cin tuwo.

TSH: labarin tsokar wuya

A gaban wuya, ƙarƙashin maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka. Likitoci suna ce mata tiroyid. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Tana zuba wani sinadari cikin jini, mai tsara saurin aikin jiki duka. Irin waɗannan sinadarai masu kai saƙo ana ce musu hormon. Nata, a takarda, sunanshi T4.

Mai ba ta umurni wata ƴar tsoka ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Umurnin shi ne TSH. Ga manya, iyakarshi tana wajen 0,4 zuwa 4.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, don lissahin a juye yake. Ku tuna da mai shanun noma. In sa yana nawa, mai shi yana ɗaga murya. In sa yana gudu, mai shi yana yin shiru. TSH muryar mai sa ce.

In TSH ya hau, tsokar wuya tana nawa. Mutum yana jin kasala da barci, yana jin sanyi ko da rani, cikinshi yana ɗaurewa, fata ta bushe, gashi ya zube, jiki ya yi nauyi. In TSH ya sauka ƙwarai, tsokar tana gudu. Zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana rawa, zufa ta yi yawa, mutum yana ci amma yana ramewa. Duka biyu suna kawo gajiya, kuma duka biyu suna da magani. Mai nawar tsoka yana shan ƙwaya kowace sahiya kahin kari. Bayan sati 6 zuwa 8 a sake awo. Ba a barin ta sai likita ya ce.

Tsokar ba ta aiki sai da sinadarin iyodi. Mai ciki ta hi kowa bukatarshi, don ƙwaƙwalwar jinjiri. A sayi gishiri mai iyodi, a rufe shi, a aje nesa da rana da laima.

Glycémie: sukarin jini

Akwai wani hormon mai suna insulin. Shi ke shigar da sukari cikin naman jiki. In bai isa ba, sukari yana taruwa cikin jini, jiki kuwa yana jin yunwa. Ana wannan awo da sahe, bayan awa 8 ba a ci kome ba. Ruwa kaɗai aka yarda. Daga 0,70 zuwa 1,10 lahiya lau. In an samu 1,26 ko hiye har sau 2, ciwon sukari ne. Alamunshi: ƙishirwa, yawan hitsari da dare, da rama.

Bitamin

B12 yana cikin nama, nono, ƙwai da kihi. In ya yi ƙaranci, jini yana raguwa, ƙafa da hannu suna mutuwa ko suna tsikari. B9 yana cikin ganyaye da wake. Shi da ƙarhe ne ake ba mata wurin awon ciki. Bitamin D kuwa, fata ce ke yin shi in rana ta taɓa ta. Matan da ba su hita gida suna iya rasa shi, su ji ciwon ƙashi da rashin ƙarhi.

Ina ake awo?

Hb, sukari da masassara ana auna su a ƙananan likitoci da yawa. TSH da bitamin kuwa, galibi sai manyan asibitocin birane kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma sun hi tsada. A fara da likitar kusa. Majo shi zai ce in tahiya birni ta kama.

In duk lambobi sun yi daidai fa?

Wannan bai nuna mutum ƙarya yake ba. Yunwa, rashin barci, yawan tunani da baƙin ciki suna gajiyar da jiki. Tarin huka, ciwon hanta da sida su ma haka, kuma awonsu daban ne. A gaya wa likita kome. Tarin da ya wuce sati 2, rama ba dalili, kumburin ƙafa, haki ana zaune: waɗannan ba su jiran ranar kasuwa.

Abin kiyayewa

Lamba guda ba ta yanke hukunci. Likita yana haɗa ta da abin da ya gani a jikinka. Kada a sayi ƙwayar ƙarin jini ko ta ƙarin ƙarhi wurin masu talla. Tana iya ɓoye ciwo, kuɗi kuma su tahi banza. Kada a sha maganin maƙwabci don gajiyarku ta yi kama. A adana takarda cikin leda, a riƙa zuwa da ita kowane lokaci. A tambayi likita abu 3: wace lamba ce ta hita iyaka? Mi ya kawo haka? Yaushe za a sake awo?

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa mutanen gidansu da ba su shiga makarantar yaƙi da jahilci ba tukuna.