Kalmar 'finish': asalinta da yadda ake amfani da ita

Kalmar 'finish' na daga cikin kalmomin da mai koyon Turanci ke fara sani, sai dai ita ma baƙuwa ce a harshen.

Ta shiga Turanci ne a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, harshen da ya mamaye fadar Ingila bayan da Normawa suka ci ƙasar da yaƙi a shekarar 1066. Shi kuwa Faransanci ya gaje ta ne daga kalmar Latin 'finis', wato iyaka.

Daga wannan tushe aka samu 'final', da kuma 'fine', wato tara, kasancewar biyan kuɗin ne ke kawo ƙarshen shari'a.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne kalmar ta haɗa ma'anar 'gama' da ta 'ƙare'. Wanda ya ce 'I have finished' ya gama aikinsa ke nan. Amma idan aka ce da ɗan siyasa ko ɗan kasuwa 'he is finished', to tasa ta ƙare, ba a sa ran zai sake farfaɗowa.

A Najeriya akan ji ana cewa 'the sugar has finished', kamar yadda Bahaushe zai ce sukari ya ƙare. Kowa zai gane, amma Baturen Ingila ya fi amfani da 'run out' a nan.

Haka kuma ana cewa 'finish eating' ne, ba 'finish to eat' ba, kuskuren da kan janyo wa ɗalibi asarar maki a jarrabawa.