Fuskar waya da fuskar madubi: me masana suka gano?

Yau ba sharhin fim za mu yi ba, ba kuma na sabuwar waƙa ba, amma maganar ta shafi duka biyun.

Lokacin bikin Rigata na ɗauki ƙanwata hoto a bakin ruwa a Yelwa, ga jirage a bayanta an ƙawata su, hoto ya fita tas. Na ce bari in ɗora. Sai ta riƙe min hannu: "Yaya, don Allah kar ka sa shi haka, na yi baƙi." Ta karɓi wayar ta yi ta latse-latse kusan minti goma. Da ta dawo min da ita, yarinyar cikin hoton ta yi fari fat, hanci ya miƙe, ƙurajen goshi sun ɓace. Wannan ta yarda a ɗora. Yarinyar da kowa a gida ke yaba wa, ana cewa wankan tarwaɗa ce. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na shiga neman abin da masana halayyar ɗan Adam suka ce.

Tun 1954 wani masani ɗan Amurka, Leon Festinger, ya yi bayanin cewa mutum yana auna kansa ne ta hanyar kwatanta kansa da wasu. A da, budurwa a Wara ko Shanga da wa za ta kwatanta kanta? Ƙawayen unguwa, sai 'yan matan da ta gani ranar kasuwa ko gidan biki, kuma duk ta san kamanninsu in sun tashi daga barci. Yanzu kuwa da jarumar Kannywood take gwada kanta, wadda mai kwalliya ta zauna a kan fuskarta, aka haska mata fitila, aka ɗauki hoto da yawa aka zaɓi ɗaya, mai editin ya ƙara gogewa. Ita kanta jarumar ba haka take da safe ba.

Za ku ce ai kowa ya san filta ce. To, a Holan an gwada wannan. A binciken da aka wallafa a 2018, an samu 'yan mata 144 masu shekara 14 zuwa 18, aka nuna wa wasu hotunan Instagram na asali, wasu kuma aka nuna musu hotunan bayan an gyara fuska da jiki. Waɗanda suka ga gyararrun sun fi raina jikinsu nan take, musamman masu yawan kwatanta kansu da wasu. Abin da ya fi ba ni mamaki: sun ɗauki gyararrun hotunan a matsayin na gaske.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na Fiji, wasu tsibirai a tekun Pasifik. Mutane ne na bakin ruwa kamar mu nan gaɓar Kainji, kuma a al'adarsu mace mai cikar jiki ita ce mai kyau. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995 da finafinan Turawa. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan makaranta a wannan shekarar: babu ko ɗaya da ke ƙaƙalo amai don ta rame. Da aka koma a 1998, kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Shekara uku kacal! 'Yan matan da aka tambaya ba su da yawa, sama da 60 ne kowane karo, amma dai ya nuna saurin da allo ke sauya abin da ido ke kira kyau.

Su ma masu Instagram sun sani. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, inda binciken kamfanin da kansa ya nuna kashi 32 cikin 100 na 'yan mata sun ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu.

Sai dai mu a nan ba rama ake nema ba. Haske ake nema, da cika. Tun kafin waya ake cewa farar mace alkyabbar mata, kuma ku lura da wadda ake yawan ba wa matsayin masoyiya a fim, da wadda ake sa wa a bidiyon waƙa. Filta ta zo ta ɗora a kai. Illar ita ce in kin saba da fuskar waya, ta madubi sai ta fara ba ki haushi, daga nan sai kanti. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin mercury mai lalata ƙoda. Wasu na da steroid, mai sa fata ta yi siriri ta tsattsage, ciwo ya ƙi warkewa. Mai hydroquinone kuma in aka daɗe ana shafawa ana shiga rana, baƙin tabo yake bari a kumatu, ga shi ranar Yauri ba ta wasa. Haka ƙwayoyin "sha ka fashe": irin su dexamethasone suna kumbura fuska, suna iya jawo ciwon suga da hawan jini. Samari kuma kar ku yi dariya, na san masu shafawa a ɓoye.

Amma in yi adalci, ba duk masana ke ɗora wa waya laifi ba. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun duba bayanan matasa sama da 350,000, suka ga alaƙar yawan amfani da na'ura da rashin walwala ƙarama ce ƙwarai, har suka kwatanta ta da ta cin dankali. Ni yadda na fahimta, awa nawa ka yi bai kai me kake kallo muhimmanci ba. Wanda ya shiga TikTok don barkwanci ko koyon ɗinki daban yake da wadda ke bin hotunan jarumai ɗaya bayan ɗaya tana taɓa hancinta.

Ragewa dai na taimakawa. A Jami'ar Pennsylvania a 2018, cikin ɗalibai 143, an sa wasu su tsaya a minti 30 a rana na mako uku, sai kaɗaici da damuwarsu suka ragu fiye da na sauran.

Hoton Rigata kuwa, duka biyun na nuna wa Mama. Ta daɗe tana duba gyararren, ta matso da wayar kusa da ido, sannan ta ce: "Wannan kuma 'yar gidan wa ce?"