Kejin Ƙarfe Domin Samari Masu Ɗaga Nauyi

A garuruwanmu yanzu da wuya ka sami unguwar da babu samari masu ɗaga ƙarfe. Waɗansu suna da kuɗin biyan gidan motsa jiki, amma yawancinsu a bayan gida suke yi, da sandar ƙarfe guda da gwangwanin fenti biyu cike da siminti, ko kuwa tsofaffin ƙarafan mota da aka tsinto wurin makanikai. Iyaye da yawa sukan yi murna, gama yaron da ya gaji da ɗaga ƙarfe da yamma ba ya yawon dare. Wannan gaskiya ne. Amma akwai tambaya guda da ya kamata uba ko uwa su yi wa ɗansu: ran da ƙarfen nan ya fi ƙarfinka, me zai tare shi?

Iri biyu ne na ɗagawa suka fi haɗari. Na fari, mutum ya kwanta rigingine a kan benci, ya sauko da sandar har ƙirjinsa, sa'an nan ya tura ta sama. Na biyu, ya aza sandar a kan kafaɗunsa ta baya, ya tsuguna, ya miƙe. A cikin duka biyun jikin mutum yana ƙarƙashin nauyin. In hannu ya mutu, ko sandar ta suɓuce saboda gumi, ba inda za ta sauka sai ƙirji ko maƙogwaro ko gadon baya. An sha rasa rayuka ta haka a ƙasashe dabam dabam, yawanci sa'ad da mutum yake shi kaɗai. Samari sukan ce ai aboki yana tsaye a kaina. To, abokin nan shekarunsa goma sha shida, hankalinsa rabi yana kan waya, kuma kilo 80 ba ya jiran mutum ya gama duba saƙo.

Maganin wannan shi ne abin da za mu kira kejin ɗaga ƙarfe. Ginshiƙai huɗu ne na ƙarfe a tsaye, an haɗa su sama da ƙasa, an huda ramuka a jikinsu daga ƙasa har kusan sama. Akan sa ƙugiya biyu inda sandar za ta huta kafin a ɗauka. Sa'an nan akan zura sanduna biyu masu kauri, ɗaya dama ɗaya hagu, daga ginshiƙin gaba zuwa na baya. Mai ɗagawa yana ciki. In ya kasa, sai ya saki, sandar ta sauka a kan waɗannan biyu, shi kuwa ya fita ta ƙarƙashi lafiya lau. Waɗannan sandunan tarewa su ne dalilin kejin duka. Sauran ƙarafan aikinsu kawai su riƙe su.

A Amurka ne abin ya yi suna. Wani mutum mai suna Bob Hoffman ya kafa kamfanin York Barbell a garin York na jihar Fensilbaniya a shekarar 1932, kuma a farkon shekarun 1960 kamfanin ya yi ta tallar irin wannan keji. A lokacin ana yayin wani salo, watau mutum ya tura sandar har ta tokare da ƙarfe, ya yi ta turawa na 'yan daƙiƙoƙi ba ta motsi. Aka ce wannan ne asirin ƙarfin zakarun York. Daga baya sai ta fito fili cewa likitansu, John Ziegler, yana ba waɗansunsu ƙwayar Dianabol mai kumbura tsoka. Yayin ya wuce, kejin ya zauna, domin amfaninsa na gaskiya ba ya bukatar talla. Ƙwayoyin kuwa har yau suna yawo a hannun samari, suna ɓata hanta da zuciya, kuma yana da kyau iyaye su san abin da ke cikin jakar ɗansu.

Sayen ƙarfe

Kejin kanti yana da tsada ƙwarai, amma mai walda na kirki zai iya ƙera shi cikin kwana biyu ko uku. Wanda ke Kaduna ya san Panteka, wanda ke Kano ya san Ƙofar Ruwa, kowane babban gari kuma yana da layin masu ƙarfe. Samari biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi su yi guda ɗaya. Amma kada a aiki yaro shi kaɗai kasuwa, gama a nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa.

Abin da ake nema shi ne bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci uku kowane gefe, watau milimita 75, kaurin bangonsa milimita 3. Irin wannan awo ne kamfanonin da suka san aikinsu suke amfani da shi. Mai shago zai nuna maka wani mai faɗi iri ɗaya a kan rabin kuɗin, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wancan na yin ƙofa da taga ne, bangonsa milimita ɗaya da rabi ko ma ƙasa da haka. Ido yana iya ruɗuwa, amma sikeli ba ya ƙarya. Bututu mai inci uku da kaurin milimita 3, in tsawonsa ya kai mita 6, nauyinsa wajen kilo 40 ne. Mai milimita ɗaya da rabi wajen kilo 20 ne. Ka auna tsawon da kanka, domin ba kowane ke cika mita 6 ba, sa'an nan ka sa a ɗora a sikeli. Araha ba ta ado, balle a abin da zai tsaya a kan wuyan ɗanka.

Guda uku sun isa. Daga biyu za a yanka ginshiƙai huɗu, kowane mita 2 da santimita 20, ragowar kuma a yi ƙafafu biyu da za su kwanta a ƙasa, kowace wajen mita ɗaya da santimita 30. Daga na ukun a fitar da gindiye na sama da na baya. In a cikin ɗaki za a ajiye, a auna rufin tukuna.

Faɗin kejin ba abin da za a yi da ka ba ne. Sandar da ake gasa da ita a duniya, ta maza, tsawonta mita 2 da santimita 20, nauyinta kilo 20, kuma tsakanin wuraren da ake zura faifan nauyi akwai kimanin santimita 131. Saboda haka in kejin ya fi haka faɗi sandar ba za ta zauna ba. A bar santimita 105 tsakanin ginshiƙin dama da na hagu ta ciki, ta waje zai zama 120, an sami ɗan sarari kowane gefe domin kada yatsa ya maƙale. Wanda sandarsa ta gida ce, ya auna tasa kafin a yanka kome. Daga gaba zuwa baya kuwa santimita 75 ta ciki ya wadatar. In an ƙara zurfin da yawa sandunan tarewa za su yi tsawo, dogon ƙarfe kuma ya fi saurin lanƙwasa.

Ga sandunan tarewar, a sayi dunƙulallen ƙarfe mai santsi, ba mai rami a ciki ba, kaurinsa milimita 25, watau inci ɗaya. Na san abin da zai zo wa mutum a rai: akwai ragowar rodi mai milimita 12 daga ginin da aka yi bara. A nan lissafin makaranta yana da amfani. Ƙarfin da sanda take da shi na ƙin lanƙwasa ba ya tafiya daidai da kaurinta, yana tafiya ne da kaurin sau kansa har uku. In ka riɓanya kauri sau biyu, ƙarfin ya riɓanya sau takwas. Tsakanin 12 da 25 kuwa, bambancin ya kai wajen sau tara. Bayan haka rodin gini yana da zane a jiki mai cinye sandar ɗagawa. Masu dabara sukan zura dunƙulallen ƙarfen cikin wani bututu mai kauri wanda ya cika tsakanin ginshiƙan biyu, domin bututun ya sha duka. A lanƙwasa bakin sandar ɗaya kamar mariƙi, ɗaya bakin kuma a huda ƙaramin rami a sa ƙusa, don kada ta zame ta fita.

A wurin mai walda

Huda ramuka shi ne aikin da ya fi cin lokaci, shi ne kuma inda mai walda zai so ya yi maka gajeriyar hanya. Zai ce bari ya ƙona ramukan da sandar walda, nan da nan a gama. Kada ka yarda. Ramin wuta ba ya zagaye daidai, bakinsa yana da kaushi, kuma babu biyu da za su zo tsawo ɗaya. In ramin dama ya fi na hagu da santimita ɗaya, nauyin duka a gefe guda zai fara sauka. A kai ginshiƙan wurin mai injin huda na tsaye. A jera su huɗu gefe da gefe, a daidaita gindinsu, a ja layi ɗaya ya ratsa dukansu, a buga alama da ƙusa kafin a huda. Ramin ya ɗan fi sandar faɗi, milimita 26 ko 27. A bar santimita 5 daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na gaba, a fara daga wajen santimita 40 daga ƙasa a tsaya wajen 170. Ramuka ne masu yawa, kuma mai injin zai caje ka a kan kowane. Ka biya.

Wajen haɗawa, a ɗiga walda kaɗan kaɗan a kowace mahaɗa tukuna, kada a cika. Sa'an nan a auna da tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a sāke auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, kejin ya tsaya daidai. In bai zo ba, yanzu ne lokacin gyara, gama zafin walda yana jan ƙarfe, bayan an cika kuwa sai dai a yanke. A zura sandunan tarewa a ramukansu tun a wannan lokaci a ga suna shiga suna fita ba da guduma ba.

Walda mai kyau tana zagaye mahaɗar duka huɗu, ba ɗigo nan ɗigo can kamar kashin awaki ba. Ka sa a ƙwanƙwashe ɓawon da ke kanta ka duba. In ka ga ƙananan ramuka ko tsaga, a gurje a sāke. Kada a shafa fenti sai ka gani da idonka, domin fenti yana rufe aibi da yawa. Ƙugiyoyin da sandar ke hutawa a kai su ma a yi su da farantin ƙarfe mai kauri, milimita 6 ko fiye.

Shawara guda da za ta raba ku da ɓacin rai: a yi gefen dama da na hagu kowane da walda, amma gindiyen da ke haɗa su a ɗaura da noti mai milimita 12, biyu a kowane baki. Keji mai faɗin santimita 120 ba ya shiga ƙofar ɗaki, mai haya kuma wata rana zai tashi. A gaba ta sama za a iya sa bututu mai zagaye domin masu jan jiki sama. Gindin ƙasa a baya kaɗai za a sa, kada ya sa mutum tuntuɓe.

Yaran da suka bi ku wurin aikin kada su kalli hasken walda, yana ƙona ido, ciwon kuma sai da dare yake tashi. In an yi amfani da farin bututun ruwa mai rufin tutiya, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, sai a gurje rufin a yi waldar a fili.

Kafin kowa ya shiga ciki

A goge ƙarfen, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sa'an nan fentin mai. In a waje zai zauna, a toshe bakin ginshiƙan ta sama, a huda ƙaramin rami a gindi domin ruwan da ya shiga ya fita. Damina ɗaya ta isa ta fara cin bututu daga ciki inda ido ba ya gani. A kafa shi a kan daɓen siminti mai lebur, in da hali a ɗaure ƙafafun da noti a cikin daɓen.

Sai gwaji. A ɗora wa sandar nauyin da ya fi wanda mafi ƙarfin samarin yake ɗagawa. Mutum biyu su riƙe bakinta daga wajen kejin, su ɗaga kamar faɗin tafin hannu sama da sandunan tarewa, su saki tare, ƙafafunsu nesa. A yi haka sau da yawa, a duba walda, a zaro sandunan a mirgina su a kan daɓe a ga ko sun lanƙwashe.

Keji mai kyau ba ya ceton wanda ya sa sandunan a ramin da bai dace ba. Domin ɗagawa a kan benci, mutum ya kwanta da sandar da babu nauyi. Sandunan tarewa su kasance ƙasa kaɗan da ƙirjinsa sa'ad da ya cika shi da iska, amma sama da maƙogwaronsa. Ya mirgina sandar zuwa wajen wuyansa ya tabbata ba ta taɓa shi. In ramin bai zo daidai ba, a sa katako a ƙarƙashin bencin. Domin tsugunawa, a sa su ƙasa kaɗan da inda sandar take kaiwa sa'ad da ya tsuguna iyaka. Tun da tsawon samari ba ɗaya ba ne, a rubuta lamba da fenti kusa da kowane rami, kowa ya riƙe tasa.

Masu nauyin siminti su tuna cewa lita ɗaya ta kankare wajen kilo 2 da rabi ce, ɗan ƙasa kaɗan, watau gwangwanin fenti mai lita 4 zai ba da kilo 9 zuwa 10. A auna biyun a sikeli, kada a ɗauka daidai suke domin gwangwanin iri ɗaya ne.

Sau ɗaya a wata a bi notuna da sifana, a duba mahaɗai ko tsatsa ta ɓullo. In an gama da yamma a sauke nauyin daga kan ƙugiya, a kwantar da sandar a ƙasa ko a kulle ta a ɗaki, gama ƙananan yara na gida za su mai da kejin wurin lilo da zarar manya sun ba da baya.