Kafin A Ce A Kori Koci: Darasin Harouna Doula Ga Masu Ɗaukar Nauyin Ƙwallo

Duk wanda ya saba zama a fada ko gidan kallon ƙwallo a Madawa, Buza ko Keita ya san cewa da zarar ƙungiya ta sha kashi sau uku a jere, magana ɗaya ce ke fita daga bakin jama'a, wato a kori koci. Ba mai tambayar da wa aka kara, ba mai tambayar ko an biya ƴan wasa haƙƙinsu, kowa dai yatsansa na kan mutum guda da ke zaune a benci.

Wannan magana ta shafi ƴan kasuwa kai tsaye. A garuruwanmu, musamman lokacin gasar babban hutu, Alhazan kasuwa ne ke sayen riguna da takalma, su ne ke biyan kuɗin motar da za ta kai yara wasa wani gari. Iyaye mata kuma ɗiyansu ne ke cikin fili, wata ma da kuɗin adashinta ta saya wa ɗanta takalmin. Saboda haka idan ƙungiya ta shiga faɗuwa, wurin wanda ya zuba kuɗinsa ake zuwa a ce ya yanke hukunci. To da wane ma'auni zai auna? Labarin Mena, ƙungiyar ƙasarmu, yana da abin da zai koya mana.

Daga gwarzon Afirka zuwa ɗan rakiya

Lokacin da aka fara wasannin neman zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, Nijar ba ta taɓa halartar gasar ba ko sau ɗaya. Aka haɗa ta rukuni guda da Masar, mai riƙe da kofin 2006 da 2008 da 2010, da Afirka ta Kudu, da kuma Saliyo. Mai horar da Mena a lokacin ɗan ƙasa ne, Harouna Doula.

A watan Oktoba na 2010, Mena ta doke Masar da ci 1 da nema a Yamai, Moussa Maazou ne ya jefa ƙwallon. Daga baya ta doke Saliyo 3 da 1, ta doke Afirka ta Kudu 2 da 1, duk a filin wasa na Janar Seyni Kountché. Da aka kammala a watan Oktoba na 2011, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa na da maki 9. Dokar gasar ta ce a irin wannan hali a duba wasannin da ƙasashen uku suka yi tsakaninsu, a nan kuwa Nijar na da maki 6, sauran biyun 5-5. Haka Mena ta samu tikiti. A watan Disamba na 2011 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓi Harouna Doula a matsayin gwarzon mai horarwa na shekara.

Bayan wata guda kacal, ranar 23 ga Janairu 2012, Gabon mai masaukin baƙi ta doke Mena 2 da nema a Libreville. Kafin wasa na biyu, ragamar ƙungiya ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka ɗauko tun farko a matsayin mai ba da shawara. Gwarzon Afirka ya koma ɗan rakiya a kan wasa guda.

Shin canjin ya yi magani? Tunisiya ta ci Mena 2 da 1, a wasan da William N'Gounou ya ci wa Nijar ƙwallonta ta farko a tarihin gasar, sannan Maroko ta ci 1 da nema. Aka dawo gida ba maki ko ɗaya. Courbis kansa bai daɗe ba, a watan Yuni na wannan shekara ya kama gabansa. Shi kuwa Doula, da aka sake damƙa masa ƴan wasan da ke bugawa a gida a gasar CHAN da aka yi a Aljeriya farkon 2023, ya doke Kamaru 1 da nema, ya doke Gana 2 da nema, ya kai Nijar wasan kusa da na ƙarshe. A can Aljeriya ta lallasa mu 5 da nema. Mutum guda ke nan, an ga ranar farin cikinsa, an ga ranar baƙin cikinsa.

Da wa aka kara, kuma a ina?

Abin da aka manta a Libreville shi ne, a wasannin neman gurbi Mena ta fita waje sau uku, ta sha kashi sau uku, ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba: 2 da nema a Afirka ta Kudu, 1 da nema a Saliyo, 3 da nema a Masar. Ke nan faɗuwa a gidan Gabon ba sabon ciwo ba ne, ciwon da aka tafi da shi ne. Ita Gabon ɗin kuma ba Nijar kaɗai ta ci ba, ta doke Maroko, ta doke Tunisiya, ta cinye wasanninta uku na rukuni.

Mai sayar da albasa ya fi kowa fahimtar wannan. Idan sabuwar albasa ta cika kasuwa lokacin girbi, farashin buhu ya faɗi warwas, ba ka korar yaron shagonka don ciniki ya yi ƙasa. Ka san lokaci ne, shi ya sa mai hali ke zuba tasa cikin rudu ya jira ta yi daraja. Haka wasanni suke. Faɗuwa huɗu a gidan manyan ƙungiyoyi dabam, faɗuwa huɗu a gida gaban na ƙasan tebur dabam. Kafin a ƙirga yawan kashin da aka sha, a fara duba hannun da ya yi dukan.

Wane jari aka ba shi?

Ba a aiken yaro kasuwa da jika biyar a ce ya dawo da kayan jika hamsin. A yankin Adar kowa ya san cewa da an gama aikin gona samari sun kama hanyar cin rani, wasu Abijan, wasu Najeriya, wasu Libiya. Kocin da ya fara kaka da gola mai kyau da ɗan gaba mai ci, kan iya wayar gari ya tarar duk biyun sun hau mota. Wani lokaci yara su kwana a hanya, su sauka daga mota su shiga fili ba abinci a cikinsu. Wani lokaci a yi alkawarin ɗan abin sabulu bayan wasa, a yi shiru. Yaron da ke tunanin bashin da ke kansa ba zai yi gudun minti 90 da zuciya ɗaya ba.

Akwai kuma ɓarnar da mu ƴan kallo ke yi da hannunmu. Kano Pillars ta ɗauki kofin Najeriya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma a 2022 ta faɗa rukuni na biyu. A cikin wannan kakar, bayan hargitsin da magoya baya suka tayar a wasa da Katsina United a watan Afrilu, hukuma ta zabtare mata maki uku, ta kuma kore ta daga Kano zuwa Abuja. Ba koci ne ya jefa dutse ba, amma a teburinsa aka cire makin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Gani ya kori ji

A shirin wasanni na rediyo, yawancin masu kiran waya suna neman a kori koci ba su ga wasan ba, sakamako kawai suka ji. Alhali faɗuwa iri-iri ce. Akwai ƙungiyar da za ta kai hari goma, ƙwallo ta bugi ƙarfe sau biyu, a ci ta a minti na ƙarshe. Wasan Mena da Tunisiya a 2012 kunnen doki ake yi har dab da tashi, sannan Issam Jemaa ya jefa ta biyu. Akwai kuma ƙungiyar da tun minti 20 ƴan wasanta sun saki jiki, kowa na zargin ɗan uwansa, ba wanda ya san inda zai tsaya. Dukkansu a takarda faɗuwa ce, amma ta farko na buƙatar haƙuri, ta biyu na buƙatar gyara.

Don haka wanda ke zuba kuɗinsa ya daure ya rufe shago na awa biyu ya je fili. Ya je wurin atisaye ma ba tare da sanarwa ba. Yara nawa suka zo? Kocin ya riga su zuwa ko su ke jiran sa? Idan ya yi magana suna saurare ko suna kallon gefe? Kuskuren da aka yi ranar Lahadi, an zauna an gyara shi ko an sake maimaita shi a wasa na gaba? Amsar waɗannan tambayoyi ta fi sakamakon wasa uku faɗin gaskiya.

Laifin da ke wuyan koci

Kada a ɗauka ana cewa koci ba ya laifi. A ranar da Nijar ta samu tikitin 2012, Afirka ta Kudu na wasa da Saliyo a gida. Kocinta Pitso Mosimane ya ɗauka yawan ƙwallaye za a duba, sai ya lallaɓa aka tashi ba ci, ƴan wasansa suka yi ta rawa a fili suna murna, ashe sun riga sun fita. Rashin sanin dokar gasa laifi ne da ba a ɗora wa iska ko alƙalin wasa. Haka sanya ɗan uwa ko ɗan mai kuɗi a bar wanda ya fi iyawa, haka cin kuɗin yara, haka zagin su gaban jama'a. Irin waɗannan ko ƙungiya na cin wasa ya kamata a yi magana.

Duk da haka, a lura da abin da ya biyo baya. An sallami Mosimane a 2012, amma ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Mamelodi Sundowns a 2016, ya sake ɗauka sau biyu da Al Ahly ta Masar a 2020 da 2021. Wanda aka kora yau ba shi ke nan ya zama maras amfani ba.

Haƙuri ko kora?

Masu cewa a yi haƙuri suna da hujja. Alex Ferguson ya kama Manchester United a watan Nuwamba na 1986, ya shafe fiye da shekara uku ba kofi. A watan Satumba na 1989 Manchester City ta ci shi 5 da 1, magoya baya suka yi ta kiran a kore shi, kakar ma a mataki na 13 ya gama ta. Shugabanni suka riƙe shi, ya ɗauki kofin FA a 1990, kafin ya yi ritaya a 2013 kuwa ya ci gasar Ingila sau 13.

Masu cewa a kora su ma suna da tasu, kuma ƴan uwanmu mazauna Abijan shaida ne. A watan Janairu na 2024 Equatorial Guinea ta ci Kodebuwa 4 da nema a gidanta, aka sallami Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka ba mataimakinsa Emerse Faé. Ranar 11 ga Fabrairu Kodebuwa ta doke Najeriya 2 da 1 ta ɗauki kofi.

To mene ne bambancin Abijan da Libreville? Kodebuwa na da ƴan wasan da ke bugawa a manyan ƙungiyoyin duniya, tana gida, kuma kowa ya ga abin da take yi bai kai ƙarfinta ba. Jari na nan, juya shi ne ya gagara. Mena kuwa baƙuwa ce a gasar, ta riga ta yi abin da ya fi ƙarfinta kafin ta isa, ba wani jarin da aka ɓoye da sabon hannu zai tono. Tambayar da mai hukunci zai yi wa kansa ke nan: waɗannan yara, da abin da muka ba su, sun fi haka ko iyakarsu ke nan? Idan sun fi haka kuma sun daina sauraren koci, canji na iya amfani. Idan iyakarsu ke nan, ko wa aka kawo ba cinya ba ƙafar baya.

Kora ma ba kyauta ba ce. A manyan ƙungiyoyi sai an biya wanda aka sallama sauran kuɗin kwantiraginsa, a kuma biya sabo. A garuruwanmu kuwa, inda koci yakan kasance malamin makaranta ko tsohon ɗan wasa da ke yi don sha'awa, abin da ake asara shi ne mutunci da zumunci. Ka wulaƙanta shi gaban jama'a, ya tafi da rabin yaran, domin shi ya tashe su tun suna buga ƙwallon tsumma.

Shawara ga shugabannin ƙungiyoyi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a fara kaka a zauna da koci gaban shaidu, kamar yadda ake yi idan za a ba mutum jari, a faɗi abin da ake nema: kofi ne, ko tsira daga faɗuwa, ko renon yara. A faɗi abin da za a ba shi, a kuma sa lokacin da za a zauna lissafi, misali tsakiyar kaka. Kada a yanke hukunci daren da aka sha kashi, lokacin da zuciya ke tafasa. Kada a sallami mutum sai an san wanda zai gaje shi da abin da ya fi shi. Idan rabuwar ta zama dole, a kira shi cikin sirri, a biya shi haƙƙinsa, a yi masa godiya, domin kamar yadda ta faru da Harouna Doula, wata rana ana iya komawa ƙofar gidansa.

Iyaye mata da ƴan kallo kuma, a ja kunnen yara su bar jifa da zagi a fili, don asarar kan ƙungiya take komawa. Allah Ya ba ƙungiyoyinmu sa'a, Ya kuma ba shugabanninsu ikon yin adalci.