"Kaina ya cika": yadda mai nema a Kudu zai sauke lodin da ke kansa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu da ke nema a Kudu: "Wallahi kaina ya cika." Za ka ji ta a Kara ta Isheri da ke bakin Legas, da kwatar Oko-Oba ta Agege, da kasuwar Mile 12, da Akinyele a Ibadan, da Lokpanta ta jihar Abiya. Mai faɗarta galibi mutum ne mai himma, kasuwa kuma tana yi da shi. Waya biyu ce a aljihunsa, yana da tirela a hanya tun daga Potiskum, mahauta bakwai na riƙe masa da kuɗi, an kira daga gida cewa hatsi ya ƙare, shi kuma tun asuba bai sa komai a cikinsa ba sai shayi da goro. Dare ya yi ya kwanta, jiki ya gaji tiɓis amma ido ya ƙi rufuwa, lissafi kawai ke kai-kawo a ka.

Wannan cikar kai tana cin kuɗi. Ita ke sa a manta wa aka ba bijimi bashi da nawa ya rage. Ita ke sa a sallama saniya ƙasa da kuɗinta don kawai a rabu da mai ciniki, ko a yi wa abokin hulɗa na shekara goma tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan kuɗi kuma tana cin lafiya. Yawancin nauyin nan daga abubuwan da muke ɗauke da su a ka yake fitowa, waɗanda da an sauke su an ba kowanne mazauninsa, da aikin bai kai haka wuya ba.

Me ya sa nauyin ya ƙaru?

Iyayenmu da kakanninmu sun yi fataucin nan, amma ba mutum ɗaya ke ɗaukar komai ba. A farkon shekarun 1960 wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan ya yi nazarin cinikin shanu da goro. Ya bayyana yadda falke ke kawo shanu daga Arewa ya sauka wurin mai gida, mai gida ya ba shi masauki, dillalansa su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, shi kuma mai gidan ya tsaya a kan kuɗin har su fito. Ka ga aikin a rabe yake: mai kawowa daban, mai sayarwa daban, mai bin bashi daban.

Har gobe akwai masu gida da dillalai, amma waya ta tattara abubuwa da yawa ta jibga wa mutum ɗaya. Kai ne za ka yi magana da mai saye a Maigatari ko Mubi, kai ne za ka bi direba da kira a kowane shinge, kai ne za ka duba alat. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ciniki da yawa ya koma tiransifa da POS. Abin ya rage tsoron yawo da kuɗi, amma ya kawo nasa aikin: wane ya turo rabi, wane ya turo ta asusun ƙaninsa, wane ya nuna maka alat amma kuɗi ba su shiga ba. Ga tsadar dizal da ta ɗaga kuɗin mota. Ga tsadar rayuwa da ta ƙaru bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wadda ta sa kiran neman taimako daga gida ya yawaita. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Riƙe komai a ka, wanda ya yi wa mai shanu goma aiki a da, ba zai yi wa mai alat talatin a rana ba.

Abin da ƙwaƙwalwa ke iya ɗauka

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da auna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ransa lokaci guda kaɗan ne ƙwarai, wasu sun ce wajen bakwai, wasu sun ce bai fi huɗu ba. Da ka ƙara na biyar ko na takwas, ɗaya zai zame. Abin da Bahaushe ya ce ne, taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. A 1927 wata masaniya, Bluma Zeigarnik, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a Jamus. Ta ba mutane ƙananan ayyuka, ta bar su suka gama wasu, ta katse su a tsakiyar wasu. Da ta tambaye su daga baya, sai ta ga sun fi tuna waɗanda ba su gama ba. Wato aikin da bai kammala ba yana maƙale a rai yana ta tsikarin mutum. To bashi fa? Kowane bashi da ke waje aiki ne da bai kammala ba. Mai bin mutum ashirin kuɗi tamkar mai ƙofa ashirin ne a buɗe, iska na shiga ta ko'ina.

Rubutu yana tura waɗannan ƙofofin. A 2018 masu bincike a Jami'ar Baylor ta Amurka sun sa wasu mutane su ɗauki minti biyar kafin kwanciya su rubuta ayyukan da ke jiransu, wasu kuma su rubuta waɗanda suka riga suka gama. Waɗanda suka rubuta abin da ke gabansu sun riga sauran yin barci. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

Littafi ɗaya tak

Sayi littafi mai tauri guda ɗaya, irin wanda ba zai yage a aljihu ba. Ka daina rubutu a bayan kwalin sigari, da gefen rasit, da tafin hannu. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin kai za ka iya karantawa, wani amintacce ma zai iya idan ta Allah ta kasance.

Kowane mai bashi ka ba shi shafinsa. Ka sa ranar da ya ɗauki kaya, da abin da ya ɗauka da kamanninsa, misali farin bijimi mai karyayyen ƙaho, da kuɗin da aka sallama, da abin da ya bayar, da ranar alkawari, da sunan dillali ko wanda aka yi a gabansa. Duk kuɗin da ya turo ka rubuta nan take, da sunan asusun da suka fito. Ka ware wasu shafuka na kuɗin da ake bin ka, da na kowace tirela: kuɗin saye, kuɗin mota, lodi da sauke, haraji, abin da aka kashe a hanya, dusa da harawa, la'ada. Sai an haɗa waɗannan ne ake sanin ko an ci riba. Da yawa suna ganin kuɗi na shigowa su ɗauka riba ce, alhali uwar kuɗi suke ci.

Bayan sallar isha'i ka ba littafin minti goma. Ka shigar da na yau, sannan ka rubuta abu uku da dole a yi gobe. Uku kawai. Sauran ka jera su a ƙasa, in an samu sarari a yi. Mai nambar waya da yawa zai iya ɗaukar hoton shafukan duk Juma'a ya tura wa ɗansa ko ƙaninsa, saboda ruwa da gobara da ɓarawo.

Waya

Waya kayan aiki ce, amma ta zama mai gidan wasunmu. Duba zaurukan WhatsApp da kake ciki. Na kasuwa da na 'yan uwa su tsaya. Na gardamar siyasa da na turo bidiyon hatsari da kashe-kashe, ka kashe ƙararsu ko ka fita. Zaman Kudu yana da nasa fargabar, kowa ya tuna rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Sanin halin da ake ciki wajibi ne, amma daga shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawan unguwa da kafafen labarai na ƙwarai za ka samu, sau ɗaya ko biyu a rana ya isa. Kallon tsohon bidiyo da ƙarfe ɗayan dare babu abin da yake ƙara maka sai bugun zuciya.

Lokacin ciniki, ka gama da mutumin da ke gabanka kafin ka ɗaga wani kiran. Kuskuren lissafi ya fi faruwa lokacin da kunne ke waya, ido ke kan saniya, hannu ke ƙirga kuɗi. Alat kuwa, kada saƙo ko hoton rasit ya ruɗe ka. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna kafin kaya su fita.

Ɗaki da rumfa

Ɗakunanmu a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Shagamu ƙanana ne, haya da tsada, wani lokaci mutum huɗu ko biyar ke kwana a ciki. Duk da haka za ka tarar da buhuna, da tsofaffin igiyoyi, da cajar da ta mutu, da jakar wani da ya bar ajiya ya tafi gida shekara biyu ke nan. Ga damina mai tsawo da ke sa kaya su yi fumfuna. Duk safiya sai an yi neman makulli ko katin banki, mutum ya fita da ɓacin rai tun bai isa kasuwa ba.

Ware rabin yini guda ka kasa kayan kashi uku: wanda kake amfani da shi, wanda za a bayar ko a aika gida, da wanda za a zubar. Abin da damina da rani suka wuce ba ka taɓa ba, wani ya fi ka buƙatarsa. Masu ajiya ka kira su cikin mutunci, ku sa ranar da za su ɗauka ko ka sa musu a mota. Takardu masu muhimmanci, wato katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, rasit ɗin haya, katin ƙungiya da takardun haraji, ka haɗa su a leda ɗaya mai kauri wadda ruwa ba ya shiga, wurin ajiyarta ɗaya.

Kiran gida

Wannan shi ne lodin da ba a cika faɗa ba, saboda kunya. Taimakon iyaye da dangi shi ya kawo yawancinmu nan, babu mai cewa a daina. Abin da ke karya mutum shi ne rashin tsari: kowa ya kira a taɓa uwar kuɗi. Ka yanke abin da za ka iya turawa duk wata daga cikin riba, ka sa ranarsa, ka faɗa wa mutum ɗaya babba a gida ya riƙa rabawa. Ka ware wani ɗan abu a gefe don rashin lafiya da rasuwa. Wanda ya zo bayan haka ka ce masa, "Yi haƙuri ɗan'uwa, na wannan watan ya tafi, sai mai zuwa in Allah ya kai mu." Zai ji ba daɗi na kwana biyu. In jari ya karye kuwa, gidan gaba ɗaya ne zai ji.

Jikin da ke ɗauke da komai

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai aikin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17. Sun ƙiyasta cewa doguwar awar aiki ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a duniya a 2016. Yanzu lissafa naka: daga asuba zuwa magariba, kwana bakwai. Ka haura 55 tun tuni.

Likitoci na cewa baligi na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. In dare bai ba ka ba saboda jiran tirela, ka yi ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin bayan azahar. Ka ci abinci na gaske kafin rana ta take, ka sha ruwa. Ka samu ko rabin yini ne a mako wanda ba ka ciniki, ka bar wa yaro ko abokin tarayya rumfa. Wanda ba ya iya ba wani amanar rumfarsa ta awa huɗu, ranar da ciwo ya kwantar da shi dole ya bayar ta wata guda.

Sai batun ƙwaya. Wasu samarinmu, musamman masu lodi da masu bin mota da 'yan acaɓa, suna shan tiramol don su jure aiki. Gajiyar tana nan, ƙwayar rufe ta kawai take yi, ga kamu, ga haɗarin farfaɗiya in an sha da yawa. Lemon ƙarin kuzari da ake ɗurawa gwangwani uku a rana shi ma yana hana barcin da zai gyara jikin. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama. Awonsa minti biyu ne a kemis ko ƙaramin asibiti, duk wanda ya haura talatin ya riƙa yi lokaci-lokaci.

Idan kuma abin ya wuce gajiya, mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, ba ya jin daɗin komai, ko ya fara jin rayuwar ta ishe shi, to wannan ciwo ne da ake magani. A haɗa addu'a da zuwa asibiti. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da shi mu ne za mu fara lura, kada mu ce ragwanci ne ko mu mai da shi abin dariya.

Ba sai an yi duka a rana ɗaya ba, sannu ba ta hana zuwa. A fara da littafin, tunda kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba. Yau da dare ka zauna ka rubuta sunan duk wanda kake bi da duk wanda ke bin ka, komai ƙanƙantar kuɗin, sannan ka sa abu uku na gobe. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.