Kwat Ɗin Gwanjo: Duba Ɗinki Kafin Suna

Uwargida, da zarar hunturu ya kama, 'yan gwanjo sai su kwance dila a kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu. Cikin tulin rigunan sanyi kina iya dacewa da kwat mai tambarin Burberry, gidan ɗinkin da Thomas Burberry ya kafa a Ingila a 1856. Shi ne ya ƙago yadin gabadin a 1879, yadi mai tare ruwa da iska.

Amma fa kada suna ya ruɗe ki, jabu ta yi yawa. Juya rigar ki duba shafi, ɗinki da maɓallai. In zare na warwarewa, ajiye musu abarsu. In kuwa ɗinkin ya kama, to ki taya, don wa zai sa ta, ƙane ya gada.